Hular Dattijo

Sunansa na yanka Mamman, amma ko a Limancin Kona, unguwar da aka haife shi, ba kowa ya san haka ba. Bahago ake ce masa, don da hagu yake riƙe allura. Shi ne ɗan fari a gidan Malam Shehu mai ɗinkin riga, gidan da ake kiyaye kunyar ɗan fari kamar yadda ake kiyaye alwala. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗora shi a cinya ba. Uwarsa, Inna Barira, in tana nemansa sai ta ce "kai," in kuwa zancensa take yi da wani sai ta ce "wancan." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Haka aka tarar: uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan da suka fara haifa, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Wannan aikin kakanni ne da baffanni da gwaggwanni. Wasu gidajen birni sun fara sassautawa tun a lokacin, amma ban da gidan Inna Barira.

Bayan Bahago an haifi mata uku, sannan Mika'ilu, auta. Shi kam kafin hantsi Inna ta kira sunansa har ya gundure shi. Shi ake ajiye wa ƙanzo, shi ake yi wa kirari in ya yi tuntuɓe. An sa shi makarantar boko, ya fito ya zama akawu a wani ofis a Sabon Gari, da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka zo kuma ya sayi babur, Basfa mai ruwan bula, wadda tun daga bakin lungu ake jin tafowarta. Bahago kuwa tun yana yaro yake zaune a zauren gidan, riga a cinya, kai a sunkuye. Da uban ya rasu sai ya matsa ya zauna a buzunsa, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Aikinsa na da kyau. In ya yi aska takwas a aljihun riga, dillalai ba sa tambayar na wane ne, domin ɗinkin bahago karkata yake yi ta inda na sauran mutane ba ya yi. Mutum ne mai shiru-shiru, bai taɓa ganin akwai abin da aka hana shi ba. Wanda bai ɗanɗani zuma ba ai ba ya kewarta.

Ya auri Mero, 'yar wani mai sayar da littattafai a Ƙofar Doka. Da cikinta ya tsufa aka mai da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. A daminar shekarar 1975, wata ranar Talata da rana, Basfa ta shigo lungu tana fesa taɓo, Mika'ilu ya diro bai ko kafe ta sosai ba.

"Yaya, albishirinka! An sauka lafiya. Namiji!"

A zauren akwai Sabo, abokin Bahago tun na allo, wanda suke ɗinki tare. Bahago bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To, madalla," ya ja zare. Sabo ne ya lura cewa ya soki yatsansa har jini ya ɗiga a kan farar shadda.

"Ango, ka ɓata rigar mutane," in ji Sabo. "Ko dai ka tashi ka je ka gano abinka?"

"Wane abu?"

"Oho. Ni ma ban ji an ce komai ba."

Ranar suna ya yi abin da ake tsammani daga gare shi: ya ɓuya a shagon Sabo tun asuba, abokai suna leƙowa suna tsokanarsa, bai fito ba sai da taro ya watse. Mika'ilu ne ya ja ragon, shi ya raba goro, shi ya riƙe jaririn wanzami ya yi masa aski. An mayar da sunan marigayi, Shehu. Tun da Inna Barira ba za ta kira sunan mijinta ba, sai ta ce a riƙa ce wa yaron Dattijo. Ita kanta "maigidana" take ce masa, tana yi masa tsiya wai ya dawo ba haƙori, ba ko sisin cefane.

Mero ta gama wankan jego ta dawo bayan arba'in. Ba ɗakinta ta sauka ba, ɗakin Inna aka kai kayanta, domin mai shayarwa a gidan nan ba ta komawa wurin miji sai ta yaye. Ranar da suka iso, Bahago yana zaure. Wata gwaggon Mero ce ta shigo da yaron a kafaɗa, lulluɓe da tawul. Abin da ya gani kawai tafin ƙafa ne, ɗan mitsitsi, ya leƙo ta ƙarƙashin tawul ɗin. Suka wuce ciki, aka ɗauki guɗa.

Wannan tafin ƙafar shi ya hana shi sakat.

An ce kishi kumallon mata ne. Waɗanda suka faɗa ba su leƙa cikin Bahago ba a watannin da suka biyo. Ranar da za a fita yawon arba'in, a zaga dangi a nuna musu jariri, Mika'ilu ya ɗauki hutu a ofis, ya samo tasi ta tsaya a bakin titi, don lungun ba ya ɗaukar mota. Mero ta fito ta sha lalle da sabon zane, Inna ta yafa mayafinta na Makka. Mika'ilu yana gaba, yaron a ƙirjinsa, yana tafe yana ce masa, "Ka ga gari, Dattijo? Wannan rimi ne. Wancan akuyar gidan liman ce, kada ka yarda da ita." Suka bi ta gaban gwiwar Bahago suka fita. Da yamma suka dawo da sabulai da atamfa da 'yan riguna, Mika'ilu ya zauna a bakin zaure yana ba da labari: yadda yaron ya yi wa wani kawunsu fitsari a babbar riga, yadda ya ƙura wa fankar wani gida ido ya ƙi ƙiftawa.

"Wallahi Yaya, da ka ga idonsa. Irin na Baba sak."

"Ɗan gusa, ka tare min haske," in ji Bahago.

Daga nan zauren ya zama masa wurin sauraro. Bango ɗaya ne tsakaninsa da tsakar gida. Ya san kukan yunwa, ya san na wanka, ya san wani ɗan gajeren kuka da yaron ke yi in an kwantar da shi bai shirya ba. Ya san ranar da ya fara dariya da sauti, don allurarsa ta tsaya a iska har Sabo ya tambaye shi ko kunama ce ta harbe shi. In ya shiga cikin gida zai yi alwala, yaron yana shimfiɗe a tabarma a gindin bedi yana wutsil-wutsil da ƙafa, sai ya ɗauke kai ya bi ta can gefen rijiya, domin idon Inna na nan. Da wutsiyar ido yake sata. Sata kuwa ba ta ƙosarwa.

Da la'asar sakaliya sai a ji Basfa. Tun yaron yana wata biyar ya gane ƙarar. Bahago yana jin yadda yake ƙyalƙyalewa daga ciki, yana jin Inna na cewa, "To, to, ga baban naka nan, kada ka ɓalle." Mika'ilu ya shiga bai ko cire takalmi ba, ya fito da shi a wuya. Ya kai shi masallacin unguwa a shafa masa kai. Ya kai shi wurin mai tsire ya lasa masa yaji, yaron ya yamutsa fuska, jama'a suka yi ta dariya. Wata Lahadi ya ɗauke shi da Inna a tasi har tasha, wai a nuna masa jirgin ƙasa. Mutanen unguwa suka koma ce masa "ɗan Mika'ilu." Ba da wata manufa ba, ladabi ne ma, don kada su kunyata uban. Amma duk sanda Bahago ya ji, sai ya ji kamar an ɗure masa barkono.

Wata rana Mero ta kawo masa tuwo a ɗakinsa, ta durƙusa ta ajiye. Yaron na goye a bayanta yana barci, kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe.

"Ba ya da nauyi?" Bahago ya tambaya, idonsa a kan kwano.

Mero ta waiga ƙofa tukuna. "Malam, kamar turmi. Bayana har ciwo yake."

"Ke dai kin huta."

"Wane hutu? Ni ma a gaban Inna ko fuskarsa ba na kallo. Ranar nan ya yi min dariya, na manta na mayar masa, ta ce 'yan matan yanzu ba su da ta ido."

"Ai ke a bayanki yake."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. Ta kai hannu ga kullin majanyi kamar za ta kwance. Sai muryar Inna ta taso daga madafa tana tambayar wa ya bar murfin tukunya a ƙasa. Mero ta tashi ta fita.

Da Babbar Salla ta gabato, Mika'ilu ya ce zai kai Dattijo Tudun Wada a yi masa hoto. A makon nan Bahago ya ɗauki wani ƙyallen farin yadi da ragowar zaren tsamiya, ya fara aiki a ɓoye, a ƙarƙashin babbar rigar da ke cinyarsa. In Sabo ya fita salla ko shan iska sai ya zaro. Bai taɓa taɓa kan yaron ba, saboda haka da ido ya auna, ya gwada a kan wani ɗan ƙoƙo da ya ga kamar za su zo ɗaya. Hula ce 'yar ƙarama, ya cika ta da aiki kamar ta wani hakimi. Da ya gama sai ya kira ƙanen nasa gefe.

"Ungo. Wani ne ya ba da aiki bai dawo ba. In za ta yi wa wancan yaron, ka sa masa. Ka ce a kasuwa ka saya."

Mika'ilu ya juya hular a hannu, ya dubi ɗinkin. "To, Yaya."

Hular ta zauna a kan yaron kamar an gwada. Ranar salla tun daga cikin gida har bakin titi ana ta yaba ta, ana cewa Mika'ilu ya iya zaɓe, wannan ɗa ya yi dacen baffa. Bahago yana tsaye a tsakar gida yana gyara rawani, ya ji Inna ta ce a miƙo mata hular ta gani. Ta kai ta kusa da ido, ta bi ɗinkin da farce.

"A kasuwa ka ce, Mika'ilu?"

"A kasuwa, Inna."

"Ikon Allah. Ashe bahagwai sun yi yawa a garin nan." Ta mayar wa yaron a ka, ta daidaita masa. Ba ta dubi inda Bahago yake ba.

Hoton ya fito bayan salla. Mika'ilu a zaune kan kujera da tabarau, Dattijo a cinyarsa da hula, ya damƙi makullin Basfa, bayansu labule mai zanen bene da jirgin sama. Inna ta sa aka yi masa gilashi, ta rataye a ɗakinta, ɗakin da Bahago ba ya wuce bakin ƙofarsa.

Bahago ya fara neman ƙanensa da faɗa. Ya ce hayaƙin Basfa na ɓata masa shadda, kada a ƙara shigo da ita zaure. Ya ce yawo da jariri a rana ba hankali ba ne. Ya ce mutum ya kai munzalin aure yana nan yana raino kamar 'yar aiki, in yana son ɗa ya je ya haifi nasa. Wannan ta ƙarshen a gaban Sabo ya faɗa. Mika'ilu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"Yaya, ai ɗanka ɗana ne."

"Wa ya ce maka ina da ɗa?"

Sabo ya tsinke zare da haƙori ya ce, "Ku dai 'yan gidan nan, Allah Ya shirye ku."

Yaron ya fara rarrafe da shigowar zafi. Wata ranar Asabar, Sabo ya tafi kai aiki, Mika'ilu ya fito da Dattijo za su fita, sai ya tuna ya bar makulli a ɗaki. Ya dire shi a kan tabarmar zaure ya koma ciki da gudu. Ba kowa. Lungu shiru, sai kurciya a kan katanga. Yaron ya zauna daram, ya ga ƙwallon zare ja kusa da ƙafar Bahago, ya rarrafo. Bahago ya ajiye allura. Ya ga ashe akwai ɗan tabo baƙi a bayan kunnen yaron na dama, ya ga haƙora biyu a ƙasa. Ya miƙa hannuwansa biyu a hankali, kamar mai kama tsuntsu, ya sa su a ƙarƙashin hammatarsa. Bai kai ga ɗagawa ba. Yaron ya ɗaga kai ya dubi fuskar, ya dubi gemun, leɓensa ya fara rawa, ya tsandara ihu.

Bahago ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Mika'ilu ya fito a guje ya sure shi, kukan ya yanke nan take, sai ajiyar zuciya.

"Yi haƙuri Yaya, ƙyuya ya fara. Haka yake yi wa duk baƙon da..."

Ya tsaya. Bahago ya riga ya ɗauki allurarsa. Har suka fita bai ɗago ba, ranar kuma sai da ya warware duk abin da ya ɗinka.

A bazarar 1976 baƙon dauro ya shigo unguwa. Ya bi gida-gida, ya iso nasu. Dattijo ya yi zazzaɓi, idanunsa suka yi ja, ƙuraje suka feso. Inna ta yi abin da ta sani na jiƙe-jiƙe, aka karɓo rubutu. Ƙurajen suka kwanta, amma tari ya ƙi tafiya, numfashinsa ya koma sama-sama. Daga zaure Bahago yana jin kukan ya canja, ya zama siriri kamar na ɗan kyanwa. Mero ma zazzaɓi ya kayar da ita, ko tsayuwa ba ta iya yi.

Da safe Mika'ilu ya ce asibiti za a tafi, yanzu, ba sai an nemo tasi ba. Ya fito da Basfa ya tayar. Sai aka tsaya ana kallon-kallo, domin mai tuƙi ba ya riƙe jariri. Inna ta fito har zaure da yaron a naɗe cikin zane, abin da ba ta saba ba. Ta dubi babur ɗin, ta san ba za ta iya hawa ba. Ta leƙa lungu, ba kowa sai 'yan yara. Sannan ta juyo.

"Kai. Karɓe shi."

Bai yi nauyin turmi ba. Ciwo ya cinye shi. Amma zafinsa ya ratsa rigar Bahago har ƙirji. Ya hau bayan ƙanensa, ya tallafe kan da hannun hagu, ya kare shi daga iska da hannun riga. Yaron ya buɗe ido, ya ga gemun nan, ya yunƙura zai yi kuka, ƙarfin bai kai ba. Ya miƙa hannu wajen bayan Mika'ilu, ya kama rigarsa. Haka suka bi ta unguwar Babban Dodo suka fita ta Ƙofar Doka: yaron a hannun ubansa, hannunsa a rigar baffansa. Ko a wannan hali sai da Bahago ya ji abin ya soke shi, ya kuma ji kunyar Allah da ya ji.

A asibiti aka yanki kati, suka bi layi. Mika'ilu ya miƙo hannu zai karɓa, Bahago ya yi kamar bai gani ba. Da suka shiga, wata nas mai suna Abigel, 'yar Wusasa, ta tambaya, "Wane ne uban yaron?" Mika'ilu ya dubi yayansa. Bahago ya dubi ƙasa. A ƙarshe Mika'ilu ne ya nuna shi da haɓa. Aka duba yaron, aka yi masa allura, aka ba da magani, aka ce a dawo da shi in numfashin bai sauka ba.

Kafin su fito zazzaɓin ya ɗan lafa. Yaron ya yi gumi, ya yi barci. A cikin barcin ya laluba ya kama babban yatsan Bahago, wanda allura ta yi wa kanta, ya riƙe. Da suka doso Ƙofar Doka, Bahago ya matso da bakinsa kusa da kunnen ƙanensa.

"Kada ka shiga ta nan. Hanyar kasuwa cike take da mutane, za a gan ni. Bi ta bayan ganuwa, mu shiga ta Ƙofar Kona."

Hanyar ta ninka, ga gargada. Mika'ilu ya sani, Bahago ya san ya sani. Duk da haka ya karkata kan Basfa, ya rage gudu har mai keke yana wuce su. Suka bi gefen ganuwa, ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Hadari ya ɗan taso ta gabas, iska ta yi sanyi. Bahago ya duba ya ga ba mai jin sa sai bayan ƙanensa, ya sunkuya.

"Ka ga, wancan rimi ne," ya ce a hankali. "Waɗancan shanun Fulani ne. Wannan ganuwar garinku ce, Shehu."

Yaron bai farka ba, bai kuma saki yatsan ba har ƙofar gida. Inna tana tsaye a zaure. Bahago ya miƙa mata shi, sai da ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Yaron ya yi kamar zai warke. Ya sha nono, har ya yi wa Basfa 'yar dariya. Ranar Alhamis numfashin ya sake komawa sama-sama, kafin a tayar da babur ya cika, ana kiran azahar.

Mika'ilu ne ya ɗauke shi zuwa maƙabarta, a naɗe cikin 'yar tabarma, yana tafe hawaye na zuba a kumatunsa. Bahago yana baya cikin jama'a, hannuwansa a cikin riga, kamar wanda ya zo jana'izar maƙwabci. Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu ta'aziyya in sun zo sai su ba Bahago hannu a taƙaice, su ce Allah Ya sa mai ceto ne, ya ce amin. Ba sa daɗewa a gabansa, don kada su sa shi a kunya. Sai su wuce wurin Mika'ilu su durƙusa, su dafa kafaɗarsa.

"Sannu Mika'ilu. Ya haƙuri? Kai aka yi wa mutuwa, wallahi."

"Ɗan nan naka, ko ina kuna tare."

Mika'ilu ya kifa kai a gwiwa yana shessheƙa, dattawa suna ba shi baki. Bahago yana zaune da carbi, idonsa a bushe, yana kallo. Ya taɓa jin kishin hoto, da na tasi, da na dariyar la'asar. Bai san akwai wanda ya fi su ba sai ranar: ƙanensa ya samu yaron da rai, yanzu kuma shi ya samu kukan.

Bayan addu'ar uku mutane suka ja baya. Da hantsi Bahago ya koma buzunsa, ya ɗauki rigar da ya bari, ya kasa samun kafar allura. Sabo bai zo ba tukuna. Cikin gida shiru, irin shirun da bai san yadda zai saurara ba. Sai ya ji takun Inna. Ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta daɗe. Sannan ta ƙaraso ta zauna a ƙasa, kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ta kwance bakin zanenta ta fito da hular. Ta ɗan yi dauɗa a goshi, inda yaron ke ja.

"Mamman," ta ce.

Bai gane da shi take ba sai da ta maimaita.

"Mamman. Ga hular ɗanka. Sannu. Ya haƙuri?"

Ya buɗe baki zai ce da godiya, kamar yadda ake cewa, sai hawaye suka riga shi. Inna Barira ta miƙa hannu ta janye rigar mutane daga cinyarsa, ta ninke ta gefe don kada ta jiƙe, ta tashi ta tura ƙyauren zaure ta sa sakata. Sannan ta dawo ta zauna.

Ba ta ƙara kiran sunan ba har ta rasu, shi ma bai sa rai ba. Allah Ya ba shi wasu 'ya'ya bayan haka, mata biyu da namiji, su kam ba kunya a tsakani, a cinyarsa suka girma suna tsinka masa zare. Mika'ilu ya yi aure ya koma Tudun Wada. Da matarsa ta haifi ɗan fari, ya zo ranar suna ya ɓuya a zauren Bahago, kamar yadda aka saba. Da taro ya watse, Bahago ya sa aka kawo masa jaririn, ya karɓa, ya ce wa mai kawowar ta koma. Ya tura ƙyaure, ya ɗora yaron a hannun ubansa, shi kuma ya juya baya ya ci gaba da ɗinki.